Waƙar Sallama Ta Biyu

Shafi na 19

Ku da kuke cika min waya da saƙo tun da sassafe, "Anti shiru", "Anti mun gaji da jira", ni ma fa mutum ce. Da hannun da nake tuƙa tuwo nake buga muku labarin nan. Ga shi na kawo. Masu tsaya wa Injiniya Tamimu kuwa, ku da kuka ce na cika zargin bawan Allah, ku karanta wannan shafin har ƙarshe, sannan mu haɗu a sharhi.

*

"Kashe ta, Maman Jamilat. Don girman Allah kashe ta."

Rekiya ta dakatar da waƙar, ta kalli Mahbuba ta saman tabarau. "Ita kuma wannan me ta yi miki?"

"Ki karanta fassarar da ke ƙasa mana. Wai yana tsaye a tashar jirgin ƙasa, ba zai ƙara son kowa ba bayanta. Ita za mu tashi mu rera wa tsohon mutane? A gaban matarsa?"

Rekiya ta kai wayar dab da hanci ta karanta, sai ta tuntsire da dariya. "Ni wallahi muryar ce ta tafi da ni."

"Za ta tafi da mu gaba ɗaya kuwa. A ce matan Najeriya sun zo har Riyad suna yi wa mijin wata waƙar soyayya."

Tun bayan azahar suke wannan fama a falon Mahbuba da ke unguwar Murabba. Shayi ya huce, an ɗumama, ya sake hucewa. Mista Hoshino ne zai koma gida, dattijon ɗan Japan ɗin nan da ke shugabantar kamfanin gyaran lif inda mazajensu suke aiki a Sulay. Ya yi ritaya. Ranar Alhamis za a yi masa walimar sallama a wata istiraha da aka kama, irin gidajen shaƙatawar nan na bayan gari. Shi kuma Abdulganiyu, mijin Rekiya, da yake shi ne shugaban kwamiti, kuma Allah ya yi shi da son ɗora wa mutane aiki, ya ce waƙoƙin Japananci guda biyu za a rera. Rekiya ta zaɓo ta farko, Mahbuba ta zaɓo ta biyu.

Mata biyu, babu wadda ta san ko "sannu" da yaren. Ku ji min ɗaukar alhaki.

"Sake kunna min saƙon mijin naki," in ji Mahbuba. "In ji sharuɗɗan da kyau, kar in yi saɓo."

Rekiya ta danna. Muryar Abdulganiyu ta cika falon, ana jin hon ɗin motoci a bayansa.

"Yauwa, ku saurara da kyau. Kar ta zama ta soyayya. Kar ta zama ta mutuwa, mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Ta 'yan makaranta masu kammala karatu ma ba ma so. Kar ta cika tsawo, kun san mutanenmu, da sun hango tiren shinkafa an gama. Kiɗa kar ya yi yawa, akwai ustazai. Sannan amshinta ya zama mai sauƙi, wanda Balarabe da Bangali da ɗan Filifin duk za su iya bi. Halas, shi ke nan. Abu mai sauƙi."

"Abu mai sauƙi," Mahbuba ta maimaita. "Allah ya saka mana."

Suka saka ta gaba. Wata siririyar murya ta fara, Mahbuba tana bin fassarar da yatsa.

"Fure ya faɗo a kan hanya…"

"Kuma dai?"

"Wallahi furen nan ne dai. Wai su mutanen nan ba su da abin kuka sai fure? Ya fito, kuka. Ya faɗi, kuka. Iska ta ɗauke shi, sabon kuka. Tsaya… ga allo, ga kujerun aji. Ta 'yan makaranta ce. Wuce."

Ta gaba ta ɓarke da ganguna kamar ana kifar da kwanuka a kicin. Rekiya ta fara gyaɗa kai.

"To wannan tana da rai."

"Ta katun ce, Maman Jamilat. Ba ki ga hoton ƙarfen nan mai jan ido yana feso wuta ba?"

"Ai Jamilat tana sonta."

"Jamilat za a yi wa sallama?"

Wadda ta biyo baya ta fara lafiya lau, godiya ce da fatan alheri, har Mahbuba ta fara cewa alhamdu lillahi. Can tsakiya sai ga mai waƙar durƙushe a gaban kabari yana zuba ruwa.

"Innalillahi!" Ta wurgar da wayar kan kujera. "Mun kusa binne shi da ransa."

Ta tashi ta ƙara ƙarfin esi, ta tsaya gabansa tana fifita da gefen gyale. Ba waƙar kaɗai ke cin ranta ba. Yau ta so ta je wurin tela ta karɓo fararen rigunanta na aiki, ga shi an zaunar da ita tana sauraron kukan fure. Ɗaya ga wata za ta fara aiki a ɗakin magani na wani asibiti, kuma shekara shida ke nan tana jiran wannan rana.

Waɗanda suka biyo ni tun farko kun san yadda aka yi. Tana aikinta na harhaɗa magunguna a Kano, rana ɗaya Tamimu ya shigo da fasfo biyu a hannu ya ce ta haɗa kaya, ya samu aiki a Saudiyya. Ko shawara babu. Ta zo ta tarar takardunta ba sa aiki sai ta ci jarrabawar lasisi ta ƙasar. Ta koyi Larabci a bakin maƙwabta, ta faɗi jarrabawar har sau biyu, ta ci a na uku. Ranar da sakamako ya fito, Tamimu ya riƙe hannunta ya rantse ba zai sake yanke inda za su zauna ba sai da ita.

Har yanzu kuma a kan iƙamarsa take, wato takardar zaman ƙasar. In ya bar Saudiyya, ita ma dole ta bar ta. Madam Zouera, 'yar Nijar ɗin da ke kula da ɗaukar ma'aikata a asibitin, ta ba ta shawara ta mayar da zamanta ƙarƙashin asibiti. Tamimu ya ce ina, yana raye matarsa ba za ta koma ƙarƙashin wani kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamanta, ba. Ta bar maganar don a zauna lafiya.

"Ni abin da ya ɗaure min kai," ta ce, tana dawowa ta zauna, "ga Injiniya a gida. A Japan ya yi digirinsa na biyu. Mutumin da in ya yi tuntuɓe da yarensu yake cewa wash. Me ya hana shi zaɓa? Sai mu?"

"Ni ma na tambayi Baban Jamilat. Ya ce dokar wurin aiki ce, in daina tsoma baki."

"Har kwashe shi fa ya yi suka tafi kasuwar Utaiƙa sayen dabino, wai kar ya ji abin da muke kunnawa. Sai ka ce muna haɗa bam."

"Ki bar maza da shirmensu."

"Kuma kwanakin nan duk ya canza min. Shekaranjiya na buɗe but ɗin mota zan ɗauki ruwa, sai ga wata jibgegiyar rigar sanyi, har da gashi a wuya. A watan Agusta, Maman Jamilat! A garin da in kin fita ba takalmi sai an kai ki asibiti."

"Me ya ce?"

"Wai ragi aka yi a kanti."

"To ai shi ke nan. Nawa ma ya taɓa sayo min tukunyar da ba ta shiga kicin ɗina, wai ragi."

Mahbuba ta yi tsaki ta jawo wayar. Ta wuce guda uku ba ta ko bari sun kai amshi ba. A ta huɗu yatsanta ya tsaya.

Babu ganga, babu hayaniya. Muryoyin maza da mata ne a haɗe, a hankali. Ta karanta fassarar a fili.

"Mu da muka rage muna gode maka. Ka tafi kar ka damu da mu, aikin da ka bari za mu riƙe. In ka gaji a can, ka tuna akwai inda aka san sunanka." Ta ɗago. "Babu fure. Babu kabari."

"Babu tashar jirgi?"

"Babu."

"Amshin fa?"

Suka gwada. Kalmomi kaɗan ne, har Rekiya ta kama a karo na biyu, duk da dai yadda take furta su ko ɗan Japan ba zai gane yarensu ba ne.

"Wannan tawa ce," in ji Mahbuba. "Na zaɓa. Har ta ɗan taɓa min zuciya, Allah ya sani. Ke ki ɗauki waccan ta masunta da muka ajiye, mu huta."

Ana haka aka buga ƙofa. Abdulganiyu ne ya shigo da sallama yana haki, rigarsa jiƙe sharkaf, ya zube kan kujerar kusa da ƙofa.

"Lif ɗin gidanku ya mutu, Madam."

"Tun jiya. Masu gyaran lif biyu muke da su, muna hawa bene da ƙafa."

"Ba kamfaninmu ke da kwangilar ba," ya ce da sauri. "Ruwa, don Allah."

Rekiya ta miƙa masa. Ya shanye a tashi ɗaya.

"Ina Injiniya?" Mahbuba ta tambaya.

"Yana neman wurin ajiye mota, sannan ya hawo da kwalayen dabinon. Shi ya sa na riga shi, in ce ku kashe komai kafin ya iso. An samu?"

"An samu, bayan mun kusa haukacewa. Amma tsaya in tambaye ka, Baban Jamilat. Mutum ɗaya zai tafi, me ya kawo waƙa biyu? Ta biyun ta matarsa ce?"

Abdulganiyu ya yi dariya yana goge wuya da hankici. "Kai, Madam, kin iya wasa."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

"Ai dokar Oga Hoshino ce, tun zuwansa ya kafa ta. Duk mai barin wurinmu waƙa guda ake yi masa, ko direba ne ko manaja. Mai tafiya ba ya zaɓa, kuma ba ya ji sai ranar. Wanda ya fi kusa da shi ne ke zaɓar masa. Bara da wani ɗan Filifin zai tafi, abokin ɗakinsa ne ya zaɓa, kowa sai da ya yi hawaye."

"To."

"To ta Oga, ni na fi daɗewa tare da shi, ni ya kamata in zaɓa. Ba ni da lokaci, na ɗora wa Maman Jamilat. Ta biyun kuwa, ai duk duniya babu wanda ya fi ki kusa da…"

Ya tsaya. Hankicin ma ya tsaya a wuyansa.

"Kusa da wa?"

Ya kalli ƙofa.

"Baban Jamilat, kusa da wa?"

Rekiya ta cire tabarau ta ajiye a hankali. "Abdulganiyu. Me kuka yi?"

"Ni… ya ce min ya gaya miki." Muryarsa ta koma ƙasa. "Wallahi tallahi ya ce min kun gama magana. Cewa ya yi har kin fara haɗa kaya."

Mahbuba ta kalli wayar da ke hannunta. Mai tafiya ba ya zaɓa. Mai tafiya ba ya ji. An kwashe shi zuwa Utaiƙa. Rigar sanyi mai gashi a wuya.

Ni da nake ba ku labarin nan, wallahi sai da na ajiye waya na sha ruwa a daidai nan.

"Ina zai je?" ta tambaya. Muryarta ba ta ko girgiza ba, kuma wannan ya fi ba Rekiya tsoro.

"Madam, ki bari ya zo ya…"

"Ina zai je?"

"Nagoya, can Japan. Babban ofishi. Oga ne ya ba da sunansa."

"Yaushe?"

"Ƙarshen watan gobe."

"Su wa suka sani?"

Abdulganiyu ya kalli matarsa neman ceto. Rekiya ta kau da kai.

"Ai… kowa a wurin aiki. Har an yi masa barka."

"Har mai shayi?"

"Shi ne ma ya fara yi."

Sai ga ƙarar mukulli. Tamimu ya turo ƙofa da kafaɗa, kwalaye biyu a rungume har sun rufe masa haɓa, zufa na ɗiga daga gemunsa.

"Salamu alaikum! Kai, wannan bene zai kashe mutum. An kashe waƙar ko in koma waje?" Yana dariya ya dire kwalayen. "Mahbuba, na samo miki dabinon sukkari mai laushi, irin wanda kike…"

Ya ga fuskoki uku. Dariyar ta tafi.

"Lafiya?"

"Tamimu."

Tun da suka yi aure bai taɓa jin sunansa tsirara a bakinta gaban mutane ba. Ya juya ya kalli Abdulganiyu. Shi kuwa ya duƙufa yana nazarin kafet kamar shi ya saƙa ta.

"Zauna," ta ce.

"Mahbuba, bari baƙi su…"

"Ba inda za su. Ai su ba baƙi ba ne a maganar nan. Ni ce baƙuwa. Mai shayi ma ya riga ni ji."

Ya zauna a hannun kujera. "Wa ya gaya miki?"

"Abin da ya dame ka ke nan? Wa ya gaya min?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Tun azahar nake zaune a nan ina tankaɗe waƙoƙin mutane, kaina kamar ya tsage. Wannan ta mutuwa ce, waccan ta fure ce. Ashe mijina nake zaɓar wa waƙar sallama. Da hannuna! Kuma har da cewa ta taɓa min zuciya, don ban da wayo."

"Na so in gaya miki."

"Yaushe?"

Ya shafa ƙeya. "Ranar Alhamis."

"A wurin walimar?"

"Bazata na so in yi miki. In an gama ta Oga, sai a sanar, sai a saka wadda kika zaɓa. Na ga zai yi armashi."

Rekiya ta saki salati da ƙarfi.

"Bazata," in ji Mahbuba. "A'a, Tamimu, faɗi gaskiya. Ka san a gaban Larabawa da Oganka da matarsa ba zan iya buɗe baki in ce a'a ba. Murmushi zan yi, a tafa, a ɗau hoto. In mun dawo gida ka ce ai kowa ya riga ya ji, ba a fasawa. Ko ba haka ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ko ba haka ba, na ce?"

"Ki fahimce ni. Irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Babu ɗan Afirka da suka taɓa kira babban ofishi. Shekara biyu ce kawai, uku in ta yi yawa."

"Nan ma shekara biyu ka ce min."

"Wannan daban ne."

"Aikina fa?"

"Ai can ma akwai asibitoci."

Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. "Akwai asibitoci! Maman Jamilat, kin ji? Akwai asibitoci. Ni da ko waƙarsu sai da fassara na gane ba ta kabari ba ce, ni zan je in karanta takardar likita da yarensu? In sake zama ɗaliba, in sake faɗuwa jarrabawa, in sake kuka a banɗaki kar ka ji? Sai na fara furfura zan ba mutum farasitamol?"

"To in ba kya son can, ki zauna Kano wurin Hajiya kafin in…"

"Ka ji! Ashe har an tsara min inda za a ajiye ni. Kamar akwatin da ya yi nauyi a filin jirgi."

"Haba Mahbuba."

"Kar ka haba ni. A falon nan, a kan kujerar da kake zaune, ka riƙe hannuna ka ce me?"

Ya kau da kai.

"Ka manta? In tuna maka?"

"Na ce ba zan sake yanke hukunci ba sai da ke."

"To da wa ka yanke wannan? Da Mista Hoshino? Shi ka aura?"

Abdulganiyu ya yi gyaran murya. "Madam, a yi haƙuri. Shi ma Injiniya alheri yake nufi. In an zauna an…"

"Kai ka yi shiru," Rekiya ta katse shi. "Kai da ka sa ni na zo na taya ku yanka ƙawata ba da sanina ba. Za mu haɗu a gida."

Ya koma nazarin kafet.

Tamimu ya sauko daga hannun kujerar ya matso. Ya sassauta murya. "Na ji tsoro ne. Na san in na faɗa za ki ce a'a, ni kuma ba zan iya ce wa Oga a'a ba. Mutumin nan ya ɗauke ni kamar ɗansa. A wurinsu in babba ya ba da sunanka ka ƙi, ka zubar masa da mutunci."

"Nawa mutuncin kuma a shara ka same shi."

"Ba haka ba ne."

"Madam Zouera ta tsaya min. Mutum nawa suka nemi gurbin nan, ta ce ni. In je in ce mata me? Mijina ya sayi rigar sanyi?"

Ta miƙe. Ta gyara gyalenta, ta share fuska da tafin hannu duk da babu hawaye ko ɗigo.

"Shi ke nan. Ka tafi."

Ya ɗago da sauri. "Kin yarda?"

"Na ce ka tafi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da sa'a. Waƙarka na riga na zaɓa, mai kyau ce, ba zan canza ba. Ranar Alhamis ni zan tsaya gaban mutane in ja amshi. Ka san abin da take cewa? Au, an hana ka ji. To ni na karya dokar. Cewa take, mu da muka rage muna gode maka, ka tafi kar ka damu da mu. Mu da muka rage, Tamimu. Da ni a ciki."

"Me kike nufi?"

"Yanzu zan kira Madam Zouera ta mayar da iƙamata ƙarƙashin asibiti. Abin da ka hana a baya. Kai ka yi Nagoya, ni in yi aikina. In ka samu hutu ka san hanyar Riyad."

"Mahbuba, tsaya."

"Ban tsaya ba."

"Kar ki kira ta yanzu. Yau Asabar, ki bari mu yi magana tukuna."

"Asibiti ba ya Asabar."

"Don Allah ki ajiye wayar nan."

Yadda ya faɗe shi ne ya sa Rekiya ta ɗago ta dube shi. Zufar da ke goshinsa yanzu ba ta bene ba ce.

Mahbuba ta danna kira, ta saka a sifika, ta ɗora wayar kan kwalin dabino. Ƙara biyu aka ɗauka.

"Alo, Mahbuba? Ke 'yar halak ce, yanzu nake cewa zan neme ki."

"Ina wuni, Madam. Dama kan maganar da kika taɓa yi min ne, ta mayar da iƙamata wurinku. Na shirya. Ko gobe ma."



"Ikon Allah. To ni kin ruɗa ni. Ba kin fasa aikin ba?"

"Na fasa? Wa ya ce?"

"Shekaranjiya na shiga kammala miki komai, sai na ga an buga miki bizar fita ta ƙarshe. Wadda in an fita ba a dawowa. Na ce ikon Allah, yarinyar nan ko sallama babu? Har raina ya ɓaci."

Mahbuba ta dafa bango.

"Madam… wa ya buga?"

"Wa zai buga ban da wanda kike ƙarƙashinsa? Daga wayarsa ake yi, ba ya buƙatar kowa."

Rekiya ta toshe baki da hannu biyu. Abdulganiyu ya ce, "Injiniya! Har da wannan?"

"Kamfani ne suka ce sai an fara da iyali kafin a yi tawa," Tamimu ya ce, muryarsa can ciki. "Tsari ne kawai, na ɗauka kafin lokacin mun…"

"Mahbuba, kina jina?" in ji Madam Zouera. "Muddin bizar nan tana kanki ba abin da zan iya yi. Shi da ya buga shi zai soke, minti ɗaya ne. Amma ki sani, gobe da safe mudir, shugaban asibitin, zai tambaye ni. In tana nan, gurbin na wata ne, akwai mai jira. Ba ni da yadda zan yi."

"Na gode, Madam. Kar ki kashe. Ki riƙe layin."

Ta taka har gaban mijinta. Ta zura hannu a aljihun gaban rigarsa ta zaro wayarsa, ta kama hannunsa, wancan hannun dai da ya riƙe nata ya rantse, ta ɗora masa ita a tafi.

"Buɗe."

"Mahbuba, in na soke taki, tawa ba za ta fita ba. Tafiyar gaba ɗaya za ta tsaya."

"Ka soke, Madam ta ɗauke ni, sannan ka buga taka. Ko shekara goma kake so ka yi a can."

"In aka samu jinkiri Oga zai ji. Zai san ban gaya miki ba."

"Au, kunyarsa kake ji?"

Ya juya wayar a tafinsa.

"Ga Baban Jamilat, ga Maman Jamilat, ga Madam a kan layi. Ka soke ta yanzu a gabansu. In kuwa ba haka ba, wallahi Tamimu, waƙar nan da na zaɓa ba ta barin aiki kaɗai za ta zama ba."



"Alo?" in ji Madam Zouera daga kan kwalin dabino. "An soke?"

Tamimu ya kalli wayar da ke tafinsa. Ya kalli matarsa.

Ya mayar da ita aljihu.